Lambar lodi da jin daɗin tafiya: yadda na sake zaɓen tayoyin a-kori-kurata

Shekara biyu da suka wuce na yi wani ciniki da na ɗauka dabara ce, amma daga baya gadon bayana da na duk wanda ya shiga motata suka biya kuɗinsa. Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, irin samfurin da aka fara fitarwa a 2015, kuma ta zo mini da tayoyi masu lamba 265/65R17 112S. Da zanensu ya siɗe, sai na je wurin wani mai sayar da taya a Kano, na ce masa ina son wadda ba ta jin ƙusa kuma ba ta jin tsakuwa, domin nakan je gona da damina, na kuma gaji da tsayawa faci a hanya. Ya mirgino mini wata baƙa wuluk mai manyan haƙora, ya buga ta da tafin hannu ya ce: "Alhaji, wannan filai goma ce, ko me ka ɗora mata ba za ta ce uffan ba." Girmanta daidai yake da na tsohuwar, sai dai an rubuta LT a gaban lambar, wato alamar tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya, a ƙarshe kuma an rubuta 120/117S tare da harafin E. Na sayi huɗu, mai faci ya duba gefen tayar ya ga an rubuta 80 psi, wato awon iskar taya, ya ce zai tausaya mini ya tsaya a 65, ni kuwa na yi masa godiya.

Tun kafin na isa gida na san wani abu ya canza, domin duk wata 'yar tsaga da ke kan kwalta sai na ji ta a sitiyari, kuma bayan motar ya riƙa tsalle a kan kowane tudun rage gudu. Na ce wa kaina sabunta ce, za su yi laushi idan sun sha hanya. Ba su yi ba. Ranar da na ɗauki mahaifiyata zuwa wani biki a ƙauye, muna sauka daga kwalta muka hau burji, ta dafa kujerar gaba ta ce: "Wai ni kam, mota ka sa ni ko amalanke?" Na ce: "Hajiya, a yi haƙuri, hanyar ce ta lalace." Ta ce hanyar nan ta san ta tun ba a haife ni ba, kuma bara ma a wannan motar ta bi ta. Wannan maganar ce ta sa na zauna na koyi karanta rubutun da ke gefen taya, wanda na yi shekaru ina kallo ba tare da na san abin da yake faɗa ba.

Lambobin farko ba su da wuya. A cikin 265/65R17, 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 kuma tsayin gefenta ne idan an auna shi da faɗin, wato kashi 65 cikin 100 na 265, wanda ya kama milimita 172. Harafin R yana nufin irin saƙar da ake yi wa kusan duk tayoyin ƙananan motoci a yau, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, sai 17 wanda shi ne girman wili da inci. Abin da ya fi muhimmanci ga mai a-kori-kura shi ne lambar da ke biye, wato lambar lodi. Ba kilo ba ce kai tsaye, alama ce da ake dubawa a jadawali: 100 tana nufin kilo 800 a kan taya ɗaya, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 120 kilo 1,400, 121 kuma kilo 1,450. Idan lambobin biyu ne, kamar 120/117, ta farko ta taya ce idan ita kaɗai ce a gefenta, ta biyu kuma ta motocin da ake jera wa tayoyi biyu-biyu a baya ce, don haka mai Hilux ta farkon kawai zai duba. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210.

Da na yi lissafi sai kunya ta kama ni. Tsofaffin tayoyina na baya, masu lamba 112, su biyu suna ɗaukar kilo 2,240, alhali nauyin da kamfani ya yarda a ɗora wa aksul ɗin baya na wannan motar bai kai tan biyu ba. Ma'ana, tayar da motar ta zo da ita ta riga ta wuce ƙarfin motar kanta, kuma ƙarin da na saya, daga kilo 1,120 zuwa 1,400 a kowace taya, ƙari ne da babu ranar da zan yi amfani da shi. Taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi, ba ta ƙara wa birki, ba ta ƙara wa firam. Wanda ya sa filai goma ya ɗora buhun masara 20 a bayan Hilux, tan biyu ke nan idan buhun mai kilo 100 ne, ya ninka abin da aka ƙera motar ta ɗauka, domin lodinta duka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma a cikin wannan tan ɗin har da direba da fasinjoji da kayan da ke cikin gida.

Maganar "filai goma" ma tana bukatar gyara, domin da yawanmu mun ɗauka shimfiɗa goma ce aka jera a jikin tayar. A zamanin da ake saƙa taya da zaren auduga haka abin yake, yawan shimfiɗa shi ne ƙarfinta. Yanzu da ake amfani da zaren roba mai ƙarfi da wayar ƙarfe, tayar da ake kira filai goma galibi shimfiɗa biyu ko uku ce a gefenta, sunan ne kawai ya rage don nuna matakin ƙarfi. Shi ya sa masu ƙera taya a Amurka suka koma amfani da haruffa: C daidai take da filai shida, D da takwas, E da goma. Abin da haruffan suke nunawa a zahiri shi ne yawan iskar da jikin tayar zai iya riƙewa. A yawancin girman da ake sa wa a-kori-kura, C tana kaiwa 50 psi, D 65, E kuma 80. A kasuwanninmu akwai wani harafin C na daban da ke rikita mutane, wanda ake rubutawa a manne da girman wili, kamar 205R16C da ake gani a Hilux ta aiki ko 195R15C ta bas ɗin Hiace. Wannan C ɗin tsarin Turai ne, yana nufin tayar motar haya da dako, kuma sau da yawa za a ga an rubuta 8PR a kusa da shi, wato filai takwas.

A nan ne na fahimci abin da ya kamata na sani tun farko, wato iska ce ke ɗaukar kaya, taya kuwa jaka ce da ke riƙe iskar. Lambar lodin da aka rubuta ba ta tabbata sai an cika tayar da iskar da aka ƙayyade mata. Tayar da ta ce kilo 1,400 tana ɗaukar hakan ne a 80 psi, idan aka rage iska sai lodin ya ragu tare da ita. Abin mamakin shi ne, a iska iri ɗaya, tayar LT ba ta kai tayar ƙaramar mota ɗaukar kaya ba. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne girman 265/70R17, wanda masu Hilux da Prado da yawa suke komawa gare shi. Mai harafin P a gaba, wato ta motocin fasinja, tana ɗaukar kilo 1,150 a 35 psi. Ƙa'idar Amurka ta ce idan an sa irin wannan tayar a a-kori-kura sai a raba lodinta da 1.1, don haka ya dawo kimanin kilo 1,045. Ita kuwa LT mai wannan girman, a 35 psi ɗin, kimanin kilo 860 kawai take ɗauka, sai ta kai wajen 45 zuwa 50 kafin ta kamo 'yar uwarta. Dalili shi ne jikinta ya fi kauri, kuma roba mai kauri idan tana lanƙwasa tana miƙewa a guje ta fi tara zafi, don haka ana bukatar ƙarin iska ta hana ta lanƙwasa da yawa.

Wannan ya rufe mini ƙofar da na so bi. Na so na sauke iskar sababbin tayoyin zuwa 29 psi, kamar yadda takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta nuna, in ci riba biyu, ga ƙarfi ga laushi. Amma awon da ke kan takardar an yi shi ne don tayar da motar ta zo da ita, wato 29 gaba da baya idan babu kaya, 36 a baya idan an yi lodi. Wanda ya koma LT dole ya ƙara a kan wannan, ba ya rage ba. Na sauko daga 65 zuwa 42, tafiyar ta yi sauƙi sosai, har na gane cewa rabin azabar da muka sha ba laifin tayar ba ne, laifin iskar da aka ɗura mata ne. Amma rabin da ya rage na tayar ne, kuma babu yadda za a yi da shi. Gefenta mai tauri ne, kuma da na ɗaga ta da hannu na ɗaga tsohuwar sifiya, bambancin nauyin a bayyane yake. Duk nauyin da ke ƙasa da sifirin, wato taya da wili da birki, shi ne ke dukan shokozoba idan an faɗa rami, kuma idan ya ƙaru sai shokozoba ta kasa danne shi da wuri. Na kuma lura mai ya ɗan fi ƙonewa, motar kuma ta ɗan yi nauyin tashi.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka maganin gargada shi ne sassauta iska yadda aka ga dama. Taya mai ƙarancin iska tana da daɗi a cikin gari, amma a doguwar hanya, da kaya, da gudu, tana dahuwa daga ciki har zanen ya rabu da jikinta. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a kan Ford Explorer, bayan haɗurran da suka ci rayuka masu yawa. An yi ta jayayya tsakanin kamfanonin biyu a kan inda laifin yake, amma daga cikin abubuwan da aka tattauna har da iskar 26 psi da aka ba da shawarar sawa, kuma yawancin fashewar ta faru ne a jihohi masu zafi. Bayan wannan ne Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci na'urar da ke gargaɗi idan iska ta ragu. Mu da muke tuƙi a Afrilu da Mayu tsakanin Kano da Maiduguri ko Sakkwato, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma kwalta ta fi haka nesa ba kusa ba, mun fi kowa bukatar kiyaye wannan. Ana auna iska ne da safe kafin mota ta yi tafiya, kuma idan aka tsaya a hanya aka ga awon ya hau da uku ko huɗu, ba a sace shi, domin zafi ne ya ɗaga shi kuma zai sauka da kansa. Inda ya halatta a rage iska sosai shi ne cikin rairayi, a tafiyar sannu, da sharaɗin a mayar da ita kafin a hau kwalta.

Akwai kuma abin da ba na taya ba ne, wanda adalci ya sa a faɗe shi. An ƙera bayan Hilux da sifirin irin na faifan ƙarfe da aka jera ɗaya kan ɗaya, kuma an yi shi ne don ya zauna daidai idan akwai kaya. Idan bodi fayau yake, sifirin ɗin ba ya samun abin da zai danne shi, sai ya riƙa wurgi da bayan motar. Duk direban da ya taɓa dawowa daga kasuwa da buhu uku ko huɗu ya san yadda motar ke natsuwa. Wasu kamfanoni sun kauce wa wannan ta hanyar sa sifirin mai nannaɗe a baya, kamar yadda aka yi wa Ram 1500 tun daga samfurin 2009 da wasu nau'o'in Nissan Navara, amma mai Hilux sai dai ya karɓi halinta. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya ƙara mata taurin da ba ta bukata.

Tsayin gefen taya shi ne abu na biyu da ya fi tasiri bayan iska, kuma a nan ne ado ke cutar da mutane. Tayar 265/65R17 da 265/60R18 kusan tsayinsu ɗaya ne a tsaye, milimita 776 da 775, amma gefen ta farko 172 ne, na ta biyu 159. Wanda ya je ya sa wili mai inci 20 da taya 265/50 ya dawo da gefen zuwa kimanin 132, wato ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matashin da ke tsakaninsa da rami. Motar za ta yi kyau a wurin ɗaurin aure, amma rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya lanƙwasa wilin ko ya fitar wa tayar da ƙulu a gefe. A ra'ayina inci 17 shi ne iyaka ga a-kori-kurar da ke bin hanyoyinmu, kuma wadda ta zo da 16 kada mai ita ya ji wani ƙyashi. Komawa 265/70R17 yana ƙara laushi kaɗan domin gefen ya kai 185, sai dai tayar ta fi tsayi da kusan kashi uku da rabi cikin 100, don haka idan agogon gudu ya nuna 100 motar tana kan 103 ne, kuma a wasu motocin tana gogar jiki idan an karya sitiyari gaba ɗaya.

Zane kuwa iri uku ne, kuma ba zan daɗe a kansa ba. H/T ta kwalta ce, ita ta fi shiru da laushi. M/T ta taɓo ce, tana da manyan haƙora, tana ƙugi a kan kwalta kamar jirgi zai tashi, kuma ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta yadda mutane suke zato. A/T tana tsakani. Abin da ban sani ba a lokacin cinikina na farko shi ne ana samun A/T a nau'i biyu, akwai mai jikin LT, akwai kuma mai jikin tayar fasinja da lambar lodi 112, ko mai alamar XL, wato mai ƙarin ƙarfin lodi, da ke kaiwa 116. Na ɗauka duk mai son haƙora dole ya ɗauki tauri tare da su.

Shekarun taya ma suna shafar laushinta, domin roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 2322 tana nufin mako na 23 na 2022. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke sawa daga waje take zuwa, kuma wata takan daɗe a jirgin ruwa da sito kafin ta iso shago. Ga kuma na gwanjo, waɗanda dokar kwastam ta hana shigo da su amma ba su ɓace daga kasuwa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa cewa a ɗauki shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, Michelin kuwa shawararta ita ce a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da zanenta bai ƙare ba. Ko wanne mutum ya bi, tsohuwar taya mai filai goma da ta bushe ita ce mafi munin haɗi, ga tauri ga rashin amana.

Ban ce LT ba ta da gurbi ba. Ƙanena yana dakon hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, kuma kusan kullum motarsa a cike take, a kan hanyoyin da tsakuwa da kututture ke yanka gefen taya. Shi a wurinsa kaurin gefe ba ado ba ne, shi ne bambancin isa kasuwa da kwana a daji, kuma da yake bayan motarsa a danne yake, taurin ba ya damunsa. Haka mai jan tirela ƙarama, da mai ɗaukar tankin ruwa, inda lita 1,000 take tan ɗaya cif, da ma'aikatan da ke shiga daji mai nisa inda babu mai faci. Ko a cikinsu ma da yawa C ko D ta ishe su, ba sai an kai E ba, domin E an fi yin ta ne don manyan a-kori-kurar Amurka irin su Ford F-250, waɗanda nauyinsu da lodinsu suka fi na Hilux sosai. Wanda kuma zai cika taya har 80 psi ya tabbatar wilinsa da bawul ɗinsa suna iya riƙe hakan, domin bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa 65 ne.

Ni kuwa da na zauna na ƙirga tafiye-tafiyena na shekara, na ga tara cikin goma a kan kwalta nake yin su, daga ni sai iyali, lodi mafi nauyi kuma shi ne takin zamani buhu takwas ko goma a farkon damina, wato kilo 400 zuwa 500, da amfanin gona a kaka wanda nake kwasowa sawu biyu. Ban taɓa kusantar iyakar lambar 112 ba. Don haka bayan wata bakwai na kira ƙanena muka yi ciniki, ya karɓi tayoyin nan huɗu da ragi, yana ta murna yana cewa: "Yaya, ai ka yi mini gata." Na koma kasuwa da takarda a aljihu wadda na rubuta abu huɗu a kanta: girman ya zama 265/65R17, lambar lodi kada ta gaza 112, zanen A/T maras harafin LT, ranar ƙira kuma kada ta wuce shekara ɗaya. Mai shagon ya yi ƙoƙarin mirgino mini wata filai goma, na ce masa na gode, na riga na ɗanɗana.

Na sayi biyar a wannan karon, har da sifiya, domin mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son a haɗa mata tayoyi masu bambancin tsayi. An yi musu balansin da alaimen a ranar, na kuma sayi geji nawa na kaina na ajiye a aljihun mota, saboda na gwada gejin masu faci uku a unguwa ɗaya na samu amsa uku. Yanzu duk safiyar Asabar nakan zagaya motar na auna, 29 gaba da baya, ranar ɗaukar taki kuma na kai bayan 36, in na sauke kayan na dawo da shi. A daminar bara na yi faci sau biyu, duka biyun ƙusa ce a tsakiyar zane, wadda filai goma ma ba ta hana ta shiga. Da muka sake bin hanyar burjin nan da Hajiya zuwa sunan jikar ƙanwarta, barci ta yi tun kafin mu wuce kasuwar ƙauyen farko, sai da na kashe mota a ƙofar gidan sannan ta farka tana tambayar ko mun iso.